BABI NA HUƊU: DALILAN KALLON TARON ABOKAN HAMAYYA DA YI MUSU BA'A

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin jam'iyyun siyasa a Arewacin Nijeriya, tun daga NEPU wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, da NPC wadda ta rikiɗe daga ƙungiyar al'adu ta zama cikakkiyar jam'iyyar siyasa a 1951, har zuwa jam'iyyun Jamhuriya ta Biyu (1979-1983). A wannan babi kuwa za a dubi wata ɗabi'a ce da ta zauna daram a siyasar ƙasar Hausa, wato yadda magoya bayan wata jam'iyya kan je kallon taron abokan hamayyarsu, ko su kasa kunne ga maganganunsu, sannan su koma cikin 'yan'uwansu su mayar da abin da suka gani abin dariya.

Tambayar da babin zai yi ƙoƙarin amsawa ita ce: me zai sa mutum ya rufe shagonsa bayan la'asar, ya taka zuwa filin da jam'iyyar da ba ya ƙauna take lacca, ya tsaya har a kira magariba, alhali ya riga ya san ba zai jefa mata ƙuri'a ba, ya kuma san duk abin da za a faɗa a wurin ba zai yi masa daɗi ba? Abin da wannan nazari ya fahimta shi ne, irin wannan kallo da ba'ar da ke biyo bayansa ba don abokin hamayya ake yin su ba. Sau da yawa ma shi ba ya wurin lokacin da ake yi masa ba'ar, kuma ba zai taɓa jin ta ba. 'Yan gida ake yi wa, domin su ji daɗin zamansu a inda suke. Za a fi mayar da hankali a kan Kano, saboda nan ne hamayyar ta fi zafi a jamhuriyoyin biyu.

4.1 Ba'a, Zambo da Habaici

Kafin a shiga dalilai, ya kamata a rarrabe kalmomi uku da za a riƙa amfani da su. Zambo shi ne a fito fili a muzanta mutum ta hanyar siffanta ƙirarsa ko halinsa ko asalinsa, kuma an fi saninsa a bakin makaɗa da maroƙa. Habaici kuwa magana ce da ake yi wa mutum ba tare da an kama sunansa ba, ana barin wanda ya tsargu ya ɗauka. Shi ya sa Hausawa ke cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ita kuma ba'a ta fi su faɗi, domin ta ƙunshi duk wata hanya ta mayar da mutum abin dariya, ko da magana, ko da kwaikwayon muryarsa da tafiyarsa, ko da laƙaba masa suna. A wannan babi kalmar ba'a ce za ta tattara su, sai inda ake bukatar a bambanta.

4.2 Filin Lacca a Matsayin Dandalin Kowa

Ba za a fahimci dalilin da ya sa ɗan NPC zai je taron NEPU, ko ɗan NEPU ya je na NPC ba, sai an tuna yadda labari ke yawo a shekarun 1950. Masu iya karatun boko kaɗan ne. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, a hannun hukuma take, kuma mutum ɗaya kan karanta ta goma su saurara. Gidan rediyon Kaduna sai a 1962 ya fara aiki. Saboda haka wanda ke son ya san abin da wata jam'iyya take faɗa, hanyarsa ɗaya ce: ya je inda take faɗarsa.

Sannan shi filin lacca ba ɗaki ba ne da za a rufe ƙofa. Fili ne na gari, kusa da kasuwa ko tasha, ga lasifika tana kai magana har cikin gidaje. Ba a tambayar katin jam'iyya kafin a tsaya. Wannan ya sa kusan kowane taro kan kasu gida biyu: na gaba, masu amsa taken jam'iyya, 'yan NEPU da "Sawaba", 'yan NPC da "Salama", da kuma na baya-baya, waɗanda ba sa amsawa, sai dai su riƙa taɓa juna suna murmushi. Mai lacca da kansa ya san suna nan, har ma wani kaso na maganarsa su yake yi wa. Wato ke nan kallon abokin hamayya ba ɓoyayyen abu ba ne, ɓangare ne na tsarin taron.

Akwai kuma batun nishaɗi, wanda bai kamata a raina shi ba. A garin da babu wani abin kallo sai wasan dambe ko na kalankuwa ko majigi jefi-jefi, lacca kyauta ce, kuma ana samun gwanayen magana da waƙa a cikinta. Mawaƙa irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja a ɓangaren NEPU, da makaɗan fada irin su Sarkin Taushin Katsina da suka yi wa shugabannin NPC waƙa, ba 'yan jam'iyyarsu kaɗai ke jin daɗinsu ba. Sai dai nishaɗi shi kaɗai bai isa ya bayyana abin ba, domin mai neman nishaɗi zalla idan an tashi gida zai tafi. Wanda ake magana a kansa a nan ba gida yake zarcewa ba, majalisarsu yake komawa.

4.3 Abin da Mai Kallo Ke Kawowa Gida

Dalili na farko da mai zuwa kallo zai bayar da bakinsa shi ne, ya je ne ya jiyo abin da "waɗancan" ke ƙullawa. Akwai gaskiya a ciki. Jam'iyya na bukatar ta san zargin da ake yi mata domin ta shirya amsa a laccarta ta gaba, ta kuma san yawan mutanen da abokiyar hamayyarta ta tara. Amma wannan aiki ne na mutum biyu ko uku, bai bukaci gungun samari ba.

Idan aka lura da irin labarin da ake kawowa, za a ga ainihin dalilin. Mai lacca zai iya yin awa guda yana magana a kan haraji da jangali da aikin tilas da halin da kotunan alƙalai suke ciki, ko kuma, idan na NPC ne, a kan haɗin kan Arewa da tsoron kada 'yan Kudu su mamaye ayyukan gwamnati. Waɗannan duk batutuwa ne masu nauyi, kuma kowannensu na da hujjar da ke da wuyar turewa. Amma ba su ake kawowa majalisa ba. Abin da ake kawowa shi ne inda harshen mai magana ya sarƙe, ko inda ya yi tuntuɓe da kalmar Turanci, ko lasifika ta mutu, ko aka yi kirari mutane ba su amsa ba. Mai kallo ya tsaya awa guda, amma minti ɗaya ya ɗauko, kuma shi ne mafi muni a cikin sittin ɗin.

Masana halayyar ɗan'adam sun tofa albarkacin bakinsu a kan wannan. Festinger (1957) ya nuna cewa mutum ba ya jin daɗin riƙe abubuwa biyu masu karo da juna a ransa, don haka yakan guji bayanin da zai girgiza abin da ya riga ya yarda da shi. Idan aka tsaya a nan, sai a ce ai bai kamata kowa ya je taron abokin hamayya ba ke nan. Amma binciken da ya biyo baya a shekarun 1960 ya gyara wannan fahimta: abin da mutum ke gudu shi ne hujja mai ƙarfi, hujja mai rauni kuwa, wadda ya san zai iya rushewa, nemanta ma yake yi, domin rushe ta na ƙara masa natsuwa. McGuire, shi ma a farkon shekarun 1960, ya kwatanta abin da allurar rigakafi, inda ake sa wa jiki raunanan ƙwayoyin cuta domin ya koyi yaƙar masu ƙarfi. Ɗan jam'iyyar da ya ji hujjar abokan hamayya a cikin sigar ba'a, ana kwaikwayonta da murya mai ban dariya, an yi masa rigakafi ke nan. Ranar da zai ji ta daga bakin mai ita, ba za ta kama shi ba, domin ya riga ya yi mata dariya.

A nan ne ake ganin illar abin. Mai zuwa kallo yana ɗaukar kansa masani a kan abokan hamayyarsa, har yakan ce shi ba labari aka ba shi ba, da idonsa ya gani. Kuma da gaske ne ya gani. Amma abin da ya tace ya kawo bai ƙara wa kowa sanin waɗancan mutane ba, sai ma ya rage. A ra'ayin wannan nazari, wanda bai taɓa zuwa ba ya fi shi kusa da gaskiya, domin shi aƙalla ya san bai sani ba.

Sai kuma batun ita kanta majalisar. Hobbes, masanin falsafa na Ingila, ya bayyana tun a 1651 cewa dariya kan zo ne daga jin fifiko na farat ɗaya idan mutum ya gwada kansa da kasawar wani. Tajfel da abokan aikinsa kuwa, a gwajin da suka yi da 'yan makaranta a birnin Biristol suka buga sakamakonsa a 1971, sun raba yaran gida biyu a kan dalilin da bai taka kara ya karya ba, sannan suka ba su damar raba kuɗi ga wasu yaran da ba su san ko su wane ne ba, sai dai rukuninsu. Yaran suka riƙa fifita 'yan rukuninsu. Abin da ya fi jan hankali shi ne, sau da yawa sun gwammace nasu ya sami kaɗan muddin ya fi na wancan rukuni, a kan a ba kowa da yawa. Wato ba samu kaɗai mutum ke so ba, tazara yake so tsakanin "mu" da "su". Ba'a kuwa ita ce hanya mafi araha ta samar da wannan tazara. Ba ta bukatar kuɗi, ba ta bukatar cin zaɓe.

Har ila yau, dariyar majalisa tana aikin tantancewa. Idan aka kwaikwayi shugaban wata jam'iyya kowa ya fashe da dariya, wanda ya yi shiru an gane shi. Wanda ya ce "amma fa maganar da ya yi a kan kaza gaskiya ce" ya jawo wa kansa zargi. Shi kuma wanda ya fi kowa iya kwaikwayo ya sami matsayi, ko da ba shi da kuɗi ko asali. Ta haka ba'a kan zama kamar kuɗin shiga da ake biya kullum domin a ci gaba da zama ɗan gida. Coser (1956) ya yi bayanin cewa rikici da na waje yakan ƙara danƙon zumunci a cikin ƙungiya, ya kuma rage haƙurinta ga mai saɓa mata daga ciki. Duka biyun ana ganinsu a zama ɗaya na majalisar siyasa.

4.4 Ba'ar Mai Mulki da ta Wanda Ake Mulka

Kuskure ne a ɗauka cewa ba'ar da NEPU ke yi wa NPC da wadda NPC ke yi wa NEPU abu ɗaya ne da aka juya. Ƙarfin ɓangarorin ba ɗaya ba ne. NPC na tare da sarakuna da hukumar En'e, ita kuma En'e ita ke riƙe da 'yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari, ita ce kuma ke ba da izinin yin lacca ko ta hana. A zaɓen 1951 'yan NEPU sun yi rawar gani a matakin farko a Kano, amma tsarin zaɓe mai hawa-hawa, wanda ya ba En'e damar cusa nata mutane a mataki na ƙarshe, ya sa ba su kai ga majalisa ba. A zaɓen tarayya na 1959 NPC ta sami kujeru 134, NEPU ta sami 8.

Ga jam'iyyar da ke cikin wannan hali, ba'a ba abin wasa ba ce. Mulkin sarauta ya dogara ƙwarai a kan kwarjini: a faɗi a yi gaisuwa, a cire takalmi, kada a haɗa ido. Duk ranar da talaka ya yi wa hakimi dariya a bainar jama'a kuma sama ba ta faɗo ba, wani abu ya ragu daga wannan kwarjini. Scott (1985), a nazarinsa na manoman wani ƙauye a ƙasar Malesiya, ya nuna yadda gulma da laƙabi da ba'a ke zama makaman marasa ƙarfi. A ƙasar Hausa su ma masu mulki sun gane haka sarai, shi ya sa suka ɗauki abin da zafi. Whitaker (1970) da Dudley (1968) duk sun kawo yadda aka riƙa gurfanar da 'yan NEPU a kotunan En'e a kan laifuffuka irin su zagin sarki ko yin taro ba izini. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya (1933-2001), shugabar matan NEPU, an ɗaure ta sau da dama, alhali a lokacin matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ita, domin sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka ba su wannan dama. Wanda ba shi da ƙuri'a bakinsa kaɗai ya rage masa, kuma a kan bakin aka riƙa kama ta. Wannan yanayi ne ya sa habaici ya bunƙasa a ɓangaren 'yan hamayya fiye da zambo, domin maganar da ba ta kama suna ba tana da wuyar kai wa gaban alƙali, ko da yake kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Ita kuwa ba'ar ɓangaren masu mulki wani aiki take yi. Manufarta ita ce a nuna ɗan hamayya a matsayin mutumin banza, mara tarbiyya, wanda ba ya ganin girman na gaba, wanda mutumin kirki ba zai ba shi 'yarsa ba. Idan aka yi nasarar haka, ba a bukatar a amsa hujjarsa, kuma idan aka doke shi babu mai tausaya masa. A Kano a 1953 aka sami gungun da aka sani da Jam'iyyar Mahaukata, waɗanda suka riƙa far wa 'yan NEPU. Tsakanin a ce mutum ba kowa ba ne da a ɗaga masa gora, tafiyar ba ta da nisa.

4.5 Santsi da Taɓo

Misalin da ya fi fito da manufar wannan babi shi ne rikicin cikin gida na jam'iyyar PRP. A zaɓen 1979 PRP ƙarƙashin Malam Aminu Kano ta ci gwamnoni biyu, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna. A 1980 aka sami saɓani a kan halartar taron da gwamnonin biyu ke yi tare da gwamnonin UPN da GNPP, wanda shugabancin jam'iyya ya hana su zuwa suka ƙi bari. Jam'iyya ta dare gida biyu. Ɓangaren gwamnoni ya ɗauki Michael Imoudu, tsohon jagoran ƙwadago, a matsayin shugaba, hukumar zaɓe ta FEDECO kuwa ta amince da ɓangaren Malam.

Abin lura shi ne sunayen da ɓangarorin suka tashi da su. Ba a kira su da wata aƙida ko manufa ba, sai da santsi da taɓo. Santsi su ne na gwamnoni, wato waɗanda ƙafarsu ta zame daga kan hanya. Taɓo su ne na Malam, wato waɗanda suka kafe a wuri ɗaya ba gaba ba baya. Sunayen biyu ba'a ce tsantsa, kuma kowanne martani ne ga ɗan'uwansa, domin dukansu daga hoton ƙasa mai laka bayan ruwan sama aka ɗauko su. Amma kafin a daɗe sai ga mutane na bugun ƙirji suna cewa su 'yan santsi ne, wasu su ce su 'yan taɓo ne. Sunan da aka jefa domin ya muzanta ya koma tuta. Wannan na nuna cewa ba'a ba ta cika kashe wanda aka yi wa ba. Sau da yawa ita ke zana masa iyakar gidansa, ta gaya masa su wane ne nasa.

Sannan zafin da ke tsakanin santsi da taɓo ya kai, wani lokaci ma ya zarce, wanda ke tsakaninsu da NPN. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗan NPN da takensa na "Aminci" an san shi tun asali, ba ya barazana ga matsayin kowa a gidan talakawa. Amma ɗan santsi da ɗan taɓo duka "Nasara" suka taso suna faɗa, duka gadon NEPU suke iƙirari, a unguwa ɗaya suke, wani lokaci a gida ɗaya. Kowanne na bukatar ya tabbatar wa kansa kullum cewa shi ne na gaskiya, ɗayan ne ya kauce. Shi ya sa sa ido ya fi yawa a tsakaninsu, kuma ba'arsu ta fi ciwo, domin kowa ya san sirrin kowa. Coser ya faɗi wannan ma, cewa gwargwadon kusanci gwargwadon zafin rikici. Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983. A zaɓen wannan shekara Rimi ya tsaya a NPP, Alhaji Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi, kuma har sojoji suka kifar da gwamnati ranar 31 ga Disamba 1983 ɓarakar ba ta ɗinke ba.

4.6 Bambancinta da Barkwanci

Masu kare wannan ɗabi'a sukan ce ai Bahaushe ya saba da wasa, su kawo misalin barkwancin da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa, ko Gobirawa da Yarbawa, ko taubasai, ko jika da kaka. Kamannin na nan a zahiri, amma a ƙasa abubuwa biyu ne mabambanta. Radcliffe-Brown (1940) ya bayyana wasan barkwanci da cewa raini ne da al'ada ta halatta, bisa sharaɗin wanda aka yi wa ba zai yi fushi ba. Ke nan yana da ƙa'idoji: ana yin sa gaba da gaba, wanda aka yi wa yana da damar ramawa nan take, kuma duka biyun sun san ƙarshensa zumunci ne. Bafulatani ba ya zuwa ya leƙi Babarbare a ɓoye ya koma ruga ya ba da labari; a gabansa yake tsokanarsa, su yi dariya tare. Ba'ar siyasa kuwa a bayan ido ake yin ta, masu dariya duk ɓangare ɗaya ne, kuma babu wata yarjejeniya da ta hana wanda aka yi wa ɗaukar fansa. A wajen addini ma, aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙubba, ko da yake kowane ɓangare ya fi tuna ta idan shi aka yi wa.

Abin da ke faruwa idan ba'a ta isa kunnen mai ita ba tare da wannan yarjejeniya ba, tarihi ya nuna shi. A ƙarshen Maris 1953 Anthony Enahoro na jam'iyyar AG ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a 1956 a majalisar wakilai ta Legas. Wakilan Arewa ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Alhaji Ahmadu Bello suka nemi a sauya wa'adin ya zama sai lokacin da ya dace. Da suka fito, jama'a suka yi musu ihu da ature, ana kiransu 'yan koren Turawa, kuma aka ci gaba da haka a tashoshin jirgin ƙasa a kan hanyarsu ta komawa gida. Ga masu ihun, wataƙila abin nishaɗin yini ɗaya ne. Ga waɗanda aka yi wa, mutanen da suka taso cikin al'adar da mutunci ya fi dukiya, wulaƙanci ne da ba a mantawa. A watan Mayu na shekarar, da tawagar AG ƙarƙashin S. L. Akintola ta shirya taro a Kano, rikici ya ɓarke na kwana huɗu, aka rasa rayuka fiye da 30, mutum sama da 200 suka ji rauni. Ba ihun Legas kaɗai ya haifar da wannan ba, akwai tsoron mamaya da gasar kasuwanci tsakanin birni da Sabon Gari. Amma ihun ne ya ba fushin fuska da suna.

4.7 Daga Fili Zuwa Akwatin Rediyo

A Jamhuriya ta Biyu ba sai mutum ya taka zuwa fili ba. Rediyo ya wadata, kuma gidajen rediyon sun ɗauki ɓangare: ana kallon na tarayya da ke Kaduna a matsayin mai karkata ga NPN, na jihar Kano kuwa yana magana da muryar gwamnatin Rimi, wadda ta kuma kafa kamfanin jaridar Triumph mai buga Albishir da boko da Alfijir da ajami. Sai ya zamana mutum na zaune a shagonsa ko a teburin mai shayi, ya murɗa tashar abokan hamayya da gangan, a saurara tare, ana katse mai magana da martanin da ba zai taɓa ji ba. Kallo da ba'a, waɗanda a da ake yi a wurare biyu, sun haɗu a zama ɗaya, kuma haɗarin duka ko kamu da ke tattare da zuwa fili ya kau. Wannan ya sa masu yi suka ƙaru. Yadda mutane suka ɗauki waɗannan kafofi a matsayin bakin abokin gaba ya fito fili a tarzomar 10 ga Yuli 1981, wadda ta biyo bayan takardar tuhuma da gwamnatin jiha ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero: gidan rediyon Kano da ofishin Triumph na cikin wuraren da aka far wa, aka kuma kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa.

Bayan dokar 1992 da ta halatta kafa gidajen rediyo masu zaman kansu, da buɗe Freedom Radio a Kano a 2003, sai aka sami rukunin da aka laƙaba wa suna sojojin baka, masu shiga shirye-shiryen siyasa na dare domin kare ubangidansu da sukar na wani. A wajensu sauraron abokin hamayya ya tashi daga sha'awa ya koma sana'a, domin maganar da aka yi a daren jiya ita ce jarin ta daren yau. Sojan baka yakan fara ne da maimaita abin da takwaransa ya faɗa, ya zaɓi jimla ɗaya mafi rauni a ciki, ya juya ta har sai masu sauraronsa sun yi dariya, kamar dai yadda mai dawowa daga filin lacca ke yi a majalisa a shekarun 1950, sai dai shi ana biyansa, kuma majalisarsa ta kai faɗin jiha.